Keken da Ya Tafi Fadama

Maganar da ta zaga Wurno a ƙarshen ranin bara ita ce wai Zubaida, gurguwar ɗiyar Maigandi mai albasa, keke kawai ta je karɓa. Wai ta ji wata ƙungiya ta buɗe cibiyar koyon kwamfuta don guragu da kurame da matan da mazansu suka rasu, kuma duk gurgun da aka ɗauka ana ba shi keken hannu sabo fil, shi ne ta shiga. Tana samun keken ta ɗan yi zuwan ganin ido, ta koma gida ta zauna abinta. An yi maganar a gidan suna, an yi ta a layin niƙa, har malaman makaranta sun yi ta a ƙarƙashin bishiya lokacin tara. Kowa kuma sai ya ƙara da cewa ai daman haka irinsu suke, ko an ɗaga su sai sun koma ƙasa.

Maganar ta yi saurin shiga kunne, wannan kaɗai ya isa a sake dubanta. Wanda ya yi wayo ya samu keke, hawa yake yi a gan shi. Amma duk cikin masu maganar ba wanda ya ce ya sake ganin Zubaida a kan keken nan, ko a kasuwa, ko a gidan biki, ko a hanyar asibiti. To ita tana ina, keken yana ina? Wanda ya bi wannan tambaya har cikin gidan Maigandi, ya zauna da mutanen gidan da maƙwabtansu ya yi haƙurin sauraro, ga abin da zai tarar.

Zubaida ta haura shekara ashirin. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama. Makaranta a goye ta yi ta, kuma tun da ta yi girman da ba a goya ta, ba ta ƙara wuce zaure ba. Cikin gida da rarrafe take yawo, silifa a hannu biyu.

Keken da aka ba ta shuɗi ne, mai taya uku, an rubuta sunan cibiyar da farin fenti a bayan kujera. Da safe take fita, tana murza abin tuƙin da hannu, sarƙa tana ƙara, ta bi ta bakin kasuwa, ta wuce tashar 'yan kabu-kabu. Abin da ya fi mata daɗi a hanyar shi ne gaisuwa. Yanzu in ta gaida mutum fuskarsa take gani, ba gwiwarsa ba.

A aji ba ita ce ta fi kowa ba. Rarrafe ya sa fatar hannunta ta yi kanta, yatsunta sun yi nauyi, in ta danna harafi ɗaya sai ya fito biyu. Amma tana da naci. Ta iya buga takarda ta adana, ta iya tura saƙo ta imel, ta fara gane yadda ake yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ta intanet. Mai koyar da su, Malama Adawiyya, ta gaya mata akwai wani Alhaji Sa'adu mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, yana neman wanda zai zauna masa kan kwamfuta. Aikin zaune ne, kuma ba nisa da gida. Wasu za a tura su Rabah, wasu Goronyo, ita wannan shagon Malama ta yi mata tanadi. Sharaɗin biyu ne, ta ci jarrabawar ƙarshe, kuma kada ta yi dogon fashi, don masu jiran gurbi suna da yawa.

Ana cikin haka aka fara cire albasa.

Wata safiya ta yi wanka, ta sa hijabi, ta rarrafo zaure inda ake ajiye keken, ta tarar da wurin wayam. Mahaifinta yana zaune kan buzu yana shan kunu. Maigandi mutum ne mai sanyin magana, kuma da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mata, bai taɓa kiran sunanta ba.

"Baba, ina keken?"

"Lawwali ya ɗan ara, uwata. Buhu kaɗan za shi kawo daga hwadama. Yanzu shina komowa."

"Baba, yau muna da aji."

"Na sani. Kamin rana ta ɗaga kin gan shi."

Ta zauna a zauren da hijabinta har aka kira azahar. Sannan wanta Lawwali ya turo keken, tayoyin sun yi kaca-kaca da laka, lawashi ya maƙale a sarƙa. Yana share gumi yana dariya.

"Baba, wallahi ɓarna ta a ce abin ga mutum guda shika ɗauka. Buhu kan buhu na aza mai, ko ƙara bai yi ba. Kuma shina bin 'yar siririyar hanyar tsakanin hwangalin albasa inda amalanke ba ta shiga."

Maigandi ya dubi keken da wani irin kallo, irin wanda yake yi wa ɗan maraƙi a kasuwa. Shanun aikinsa biyu ɓarayin daji sun kora su tun bara, amalanken tana jingine ba abin ja. Wannan gaskiya ne, kuma a kansa aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Zubaida ta wanke keken da kanta, ta cire lawashin da tsinke. Washegari ta je aji. Rahinatu, wata kurma da suke zama kusa da juna, ta toshe hanci tana nuna kujerar keken tana dariya, don warin albasa bai fita ba. Zubaida ma ta yi dariyar. Da Malama ta tambaye ta me ya hana ta zuwa jiya, ta ce ciwon kai. Ta ji kalmar ta fito mata da sauƙi, abin ya ba ta tsoro.

Daga nan aro ya zama na kullum. Da farko ana cewa za a dawo da shi da wuri, daga baya aka daina faɗa. Tsakar gida ta cika da albasa, aka shimfiɗa wa Zubaida buhu aka miƙa mata wuƙa, tana yanke lawashi tana ware ruɓaɓɓu. Idonta yana ruwa, kuma da yake kowa idonsa yana ruwa a wannan aiki, ba wanda ya tambaye ta.

"Inna, ki yi mai magana mana," ta ce wa mahaifiyarta Fatsuma, da suka rage su biyu.

"In ce mai mi? Shanun da anka kora kin ga sun komo? Albasa in ta kwana hwadama ɓarawo shi ɗiba, in ta wuni rana ta dahwa ta. Kwamfuta kau tana ɗaki cikin inuwa, ba ta ruɓewa."

"Za a ba wata gurbina, Inna."

"Wa za shi korar gurguwa? Kunya ba ta barinsu. Ke dai yanka. Cikin albasar ga kika ci, cikinta kika sa sutura."

Wata rana keken ya dawo babu kujera. Lawwali ya kai shi wurin mai walda an cire ta, an dasa faffaɗan ƙarfe mai ɗaukar kaya. Ya shigo da kujerar a hannu ya dire ta gaban Zubaida.

"Yaya, mi kay yi mai?"

"Gyara shi niy yi. Ga taki nan, ba zama kika so ba? Kusoshi huɗu na, in an ƙare sai a mayar."

"Jarrabawa ta kusa."

"Ke, bar ni da zancen ga. Masu digiri na nan suna kabu-kabu, ke da ƙahwa babu za a ɗauka aiki? Hoto sunka yi da ku, sun tura ma turawansu, shi ke nan. Ni na san irin mutanen ga."

Fatsuma ta ce ya daina yi mata magana haka, 'yar'uwarsa ce. Sannan ta ja kujerar ta kai inuwa, ta ce Zubaida ta hau, ya fi mata zaman buhu. A kan kujerar keken nata ta ci gaba da yankan lawashi, sunan cibiyar yana bayanta.

Ba a daɗe ba aka cire sarƙar da abin tuƙin, wai suna dukan buhu suna yi wa albasa rauni. Wani yammaci kuma Maigandi ya dawo daga fadama fuskarsa a ɗaure. Ashe wani maƙwabcin gona ne ya gane shuɗin fentin, ya ɗaga murya a gaban 'yan aiki ya ce, "A'a, Maigandi, kai ma kwamfutar kaka koyo?" Aka yi dariya. Zubaida ta ji Lawwali yana ba Inna labarin, zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ta ce a ranta yau kam za a mayar mata da abinta. Sai ta ga mahaifinta ya aika a sayo baƙin fenti. Shi da kansa ya tsuguna a zaure ya shafe keken tas, bai bar ko ɗigon shuɗi ba. Tana kallonsa daga bakin ƙofa, shi kuma bai ɗago ba.

"Baba, ko a ce ɗan kabu-kabu shi riƙa kai ni, kamin a ƙare?"

Ya tsaya da shafar. "Wa za shi aza ki bisa? Wa za shi sauke ki? Ƙato shi rungume ki kullum gaban jama'a? A'a, uwata. Ki yi haƙuri, kaɗan ya rage."

Kaɗan ɗin bai ƙare ba. Da suka gama kwashe tasu, maƙwabta suka fara roƙon a kwashe musu, Lawwali ya ga hanyar samu. Ƙaramar wayar Zubaida tana ta ƙara, ta ga sunan Malama, sai ta tura ta ƙarƙashin matashi har ta yi shiru. Ciwon kai ya ƙare mata, zazzaɓi ya ƙare, rasuwar dangi a Rimawa ma ta faɗa. Ba sauran ƙaryar da za ta yi, kuma gaskiyar ba ta faɗuwa. Wani lokaci tana cikin aiki sai ta ga yatsunta suna motsi a kan cinyarta, suna neman haruffa. Ta lura wasu sun fara ɓace mata.

Ranar da saƙo ya shigo cewa an fara bitar jarrabawa, ta jira maza suka fita, Inna ta shiga bayan gida. Ta sa atamfarta mai kyau, ta ɗaure bakin hijabinta a ƙugu don kada ya ja ƙasa, ta zura silifa a hannu, ta wuce zaure.

Hanyar da take bi a keke kafin ta gama gaisawa da mutane, ranar ta zama wata hanya dabam. Ba ta taɓa sanin akwai fasassun kwalabe da yawa haka a kanta ba, da ruwan kwata, da kashin awaki. Ƙasa ta fara zafi. Gwiwoyin atamfar suka yi fari, sannan suka yi ja. A bakin kasuwa manyan motoci sun jeru ana loda albasa, baƙin fatake sun cika wurin. Ta sunkuyar da kai tana ratsawa tsakanin ƙafafu. Sai ta ji wani abu ya faɗo mata a baya ya zame ƙasa. Kuɗi ne.

"Allah shi ba ki lahiya, baiwar Allah."

"Ba bara nike ba," ta ce, amma muryar ba ta fita ba, mutumin ma ya wuce. Wani da ya ga an bayar shi ma ya jefa nasa. Ta bar su a nan ƙasa ta ƙara sauri, ta ji wata mai tuwon madara tana cewa, "Ikon Allah, wagga har zaɓe takai."

Ta isa ƙofar cibiyar. A ƙarƙashin dogonyaro kekunan 'yan ajinsu suna jere, shuɗi, shuɗi, shuɗi. Ta taga tana jin ƙarar madannan kwamfuta da muryar Malama. Saura ta haye dakali ta shiga. A nan ne ta gane abin da ba ta yi tunaninsa ba tun daga gida. Tana shiga a haka, da ƙura har haɓa, kafin a ce mata sannu za a ce ina keken. A gaban kowa za a tambaya. Ta daɗe a jikin katanga tana neman amsar da ba ta da sunan mahaifinta a ciki, ba ta samu ba. Ta juya.

A hanyar komawa ta haɗu da keken. Tayoyin ta fara gani, don su ne daidai idonta, ta hagu ta fara karkacewa. Buhuna sun yi masa tsini, Lawwali yana turawa da wani abokinsa. Ya gan ta, ya dubi abokin, ya dubi gefe. Sai da abokin ya ɗan yi gaba ya sunkuyo.

"Mi kika yi nan? Koma gida kamin a gane ki."

An riga an gane ta. Kafin magariba Maigandi ya shigo bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya tsaya a kanta.

"An ce min an ga ɗiyata tana bara bakin kasuwa."

"Baba, aji na tahi."

"Da gwiwa? Gaban baƙi? Mutanen da nika sai ma albasa suna jehwa miki sadaka? Na taɓa barinki da yunwa, uwata? Hwaɗa min. Mi niy yi miki da za ki tona min asiri haka?"

Ba faɗa yake ba, da faɗa ne da ya fi sauƙi. Idonsa ya kawo ruwa. Fatsuma tana gefe tana wanke mata gwiwa da ruwan gishiri, tana cewa, "Ba shi haƙuri mana." Zubaida ta dubi tsohon nan da ya wuni cikin rana, wuyan rigarsa ya yi fari da gumi, ta ji duk laifin ya dawo kanta.

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba ni ƙarawa."

Ita ce ta ba da haƙuri a ranar, kuma an karɓa.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, Malama Adawiyya ta yi sallama a gidan. Tsakar gida cike take da matan unguwa da suka zo taya yankan albasa, cikinsu har da Larai, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, wadda ba a yin abu a unguwar ba ta kai shi gaba ba. Fatsuma ta yi sauri ta jefa zani a kan bayan kujerar da Zubaida take zaune. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Maigandi ya dawo daga masallaci, ya tsaya daga bakin zaure suka gaisa da baƙuwar.

Malama ba ta yi doguwar hanya ba. Ta ce jarrabawa jibi ce, Alhaji Sa'adu yana ta tambaya, kuma na sama da ita sun ce a cike gurbin duk wanda ya daina zuwa.

"Baba, ban ga keken a zaure ba."

"Shina wajen mai gyara," in ji Maigandi.

"Ayya, ai da kun hwaɗa. Muna da wanda ka gyara muna kyauta. Wane mai gyara na, in tura a karɓo?"

Maigandi ya dubi ƙasa. Wuƙaƙen matan suka rage ƙara.

Malama ta matso kusa da Zubaida, ta kama hannunta, ta juya tafin ta ga sabon rauni a kai. Ta rage murya, amma tsakar gidan ta yi shirun da ko raɗa ana ji.

"Zubaida, dube ni. In akwai abin da yah hana ki zuwa wanda ba daga gare ki yake ba, hwaɗa min yanzu. Ni za ni tsaya miki. In riƙe gurbin, in zo da mota in ɗauke ki jibi da kaina. Kalma guda nika so. In kau ke ta ba ki so, akwai wata a Kwargaba tana jira tun hwarko, ba ni hana ta."

Zubaida ta buɗe baki. Kalmar tana nan a kan harshenta, gajeriya. Ta hango shagon Alhaji Sa'adu, da teburin da ta taɓa leƙawa daga kan keke, da fanka tana juyawa a sama. Sannan ta ga wuƙar Larai ta tsaya cak a tsakiyar albasa. In ta faɗa, kafin isha'i gari ya ji Maigandi, mai sahun gaba a masallaci, ya ƙwace keken gurguwar ɗiyarsa yana dakon albasa da shi, kuma daga bakin ɗiyar aka ji, a gaban baƙuwa, yana tsaye. Tun tana ƙarama ba a koya mata komai da ƙarfi kamar wannan ba, cewa ɗa ba ya buɗe baki ya kunyata mahaifinsa.

Ta ɗago ta dubi wajen zaure, inda mahaifinta yake tsaye. Ta ba shi lokaci. In shi ya faɗa da kansa, ba wanda ya tona wani, sai a ce dattijo ya yi kuskure ya gyara. Maigandi ya yi gyaran murya. Ya gyara hularsa. Ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Ni ta, Malama," in ji Zubaida. "Na gaji. Karatun bai yi min ba."

"Ke? Ke da nika kora ki tashi daga kan kwamfuta?"

"Da na. Yanzu ba ni so. A ba wata."

Malama ta daɗe tana kallonta. "To keken hwa?"

Nan ne ya kamata a samu amsar da za ta rufe tambayar gaba ɗaya, kada a ce a kawo shi, kada a ce a je a gani. Zubaida ta samo ta.

"Ai kun ce nawa na, kyauta. Na samu abin da nika so."

Ta ji hannun Malama ya saki nata a hankali. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta yi wa matan sai an jima. Ruwan da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba. Maigandi ya kauce ya ba ta hanya, har ya raka ta ƙofa yana godiya.

Da ya dawo ya tsaya nesa kaɗan da ɗiyarsa. "Allah shi yi miki albarka, uwata," ya ce a hankali. Ta sauka daga kujerar ta rarrafa ɗaki. Larai kuwa ba ta jira an gama aikin ranar ba, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Albasa ta ƙare. Wadda aka adana a rudu, rumbun ajiyar albasa, ta yi kuɗi, gidan ya samu shekara mai kyau. Keken ya dawo ya jingina a bayan rumbu, ƙarfen tayoyin baya ya lanƙwashe. Da Zubaida ta tambayi sarƙar, Lawwali ya ce ai da ita aka ɗaure ƙofar garken awaki, abin tuƙin kuwa bai san inda yake ba, wataƙila mai walda ya haɗa da tarkacensa. Maigandi ya ce za a gyara in an sayar da sauran albasa. Da aka sayar ya ce bayan shuka. Ya sayo mata atamfa mai tsada, bai iya miƙa mata da kansa ba, ta hannun Fatsuma ya aiko. Tun daga ranar nan ba su ƙara haɗa ido ba. In ta gaishe shi yakan amsa yana kallon wani wuri, ita ma ta fi son haka.

Rahinatu ce ta samu shagon Alhaji Sa'adu. An ce masu kawo aiki suna rubuta mata abin da suke so, ta buga musu, ba a samun matsala.

Damina ta sauka, wata rana Larai ta shigo aron turmi ta tarar da Zubaida tana ɓarar gyaɗa. Ta zauna, don ba ta shiga gida ta fita da labari a bakinta.

"Kin ji an ɗauki sabbi a wajenku? Amma yanzu an canza. Ba a ba da keke sai wanda yag gama ya ci jarrabawa. Malamar taku da kanta ta kawo shawarar, wai an taɓa yi musu wayo." Ta ɗan yi dariya, ta taɓa kafaɗar Zubaida. "Ba da ke nike ba. To guragun da anka ɗauka daga ƙauyuka ko guda bai zo ba, sun ce ba su da abin zuwa. Ni kau na ce daman ba karatun suka so ba."

Fatsuma tana bakin murhu, ta juya baya tana hura wutar da ta riga ta kama. Zubaida ta ci gaba da ɓarar gyaɗar. Larai ta ɗauki turmi ta fita.

Zubaida ba ta bar karatu don ta samu keke ba. Mahaifinta da wanta ne suka karɓe keken, suka yi dakon albasa da shi har ya lalace, mahaifiyarta tana gani. Da aka zo tambaya ta ce ita ce ba ta so, don kada mahaifinta ya ji kunya a gaban mutane. Tana nan cikin gidan har yau, ba ta ƙara wuce zaure ba.